Darasi na Tara: Yadda Kyamara ke Mayar da Haske Hoto

Waɗanda suka haura shekara arba'in a cikinku za su tuna yadda ɗaukar hoto yake a da. Ranar sallah a ci ado a tafi shagon mai hoto, a tsaya a gaban labule, ya ce kada kowa ya motsa, fitila ta walƙa, sannan ya ce a dawo jibi ko gata. Fim ɗin da ke cikin kyamararsa hoto 24 ko 36 yake ɗauka, kuma sai ya cika ake cire shi a kai wanki. Shi kansa mai hoton bai san ko wani ya rufe ido ba sai an wanko. Yau kuwa yaro ɗan firamare yana ɗaukar hoto ashirin da wayar mahaifiyarsa kafin a sauke tukunya.

Abin da ya sauya tsakanin jiya da yau ɗaya ne tak: wurin da haske yake sauka. A da a kan fim yake sauka, yanzu a kan wani ɗan faranti na lantarki da ake kira sensa. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ita kyamara akasin haka take. Mudu ce, awo kawai ta iya, ba ta san ƙimar abin da ke gabanta ba. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa hoto ke yin duhu, ko dishi-dishi, ko yashi-yashi, kuma zai san abin da zai gyara.

Ɗaki mai duhu

Idan kun taɓa kwanciya da rana a ɗakin da kwanon rufinsa ya huje, kun ga ɗigon haske a ƙasa. Ku lura da kyau: ko da hujin mai kusurwa ne, ɗigon da ke ƙasa zagaye yake fitowa. Dalili kuwa hoton rana ne kuke gani. Haske a miƙe yake tafiya, ba ya lanƙwasa da kansa. Idan aka rufe ɗaki ruf aka bar ƙaramar kafa a ƙofa, hasken da ya taso daga kan bishiyar da ke waje zai bi ta kafar ya sauka a ƙasan bango, wanda ya taso daga gindinta ya sauka a sama. Sai bishiyar ta bayyana a bango, kai ƙasa.

Malamin da ya yi wa wannan al'amari cikakken bayani shi ne Hasan ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 Miladiyya, ya yi aikinsa a Alƙahira. A littafinsa Kitab al-Manazir ya kafa hujja cewa haske ne ke tasowa daga abubuwa ya shiga ido, saɓanin abin da masana da yawa suka ɗauka a da, wai ido ne ke fitar da haske. Kowace kyamara, har ta cikin wayarku, ɗakin nan ne mai duhu aka ƙanƙance.

Sai dai kafa kaɗai tana da aibi. In ta yi ƙanƙanta, hasken da ke shiga ba ya isa. In an faɗaɗa ta, hoton ya cakuɗe. Shi ya sa ake sa mata gilashi mai tudu a tsakiya, irin wanda yara ke tattara hasken rana da shi su ƙona takarda. Gilashin yana karɓar haske mai yawa, ya lanƙwasa shi, ya haɗa shi wuri guda. A kyamarar waya ba gilashi ɗaya ba ne, guda biyar ne ko shida ko bakwai a jere, yawanci na roba mai haske, kowanne yana gyara kuskuren na gabansa.

Sensa: tsakar gida cike da kwanoni

Ku ɗauka ana ruwan sama, aka jera kwanoni a tsakar gida, sahu-sahu, babu tazara. Da ruwa ya ɗauke, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana auna abin da kowanne ya tara, ana rubutawa. Kwanon da ke ƙarƙashin indararo ya cika, na gindin bishiya ya sami kaɗan, na cikin rumfa bai sami komai ba. Wanda ya karanta lambobin, ko bai shiga gidan ba, zai iya zana inda indararo yake da inda rumfa take.

Haka sensa take aiki. Faranti ne na silikon, sinadarin da ake tacewa daga yashi, an raba fuskarsa gida-gida miliyoyi. Kowane gida shi ake kira fiksel. Idan haske ya faɗa wa silikon, yakan saki ƙananan ƙwayoyin lantarki, kuma gwargwadon yawan hasken, gwargwadon cajin da zai taru a gidan. Da an gama ɗauka, sai kyamara ta auna cajin kowane gida ta mayar da shi lamba. A hoton da aka saba, lambar tana kamawa daga 0, wato baƙi ƙirin, zuwa 255, wato fari fat. Hoton da ke cikin wayarku jerin lambobi ne, shi ya sa za a iya aika shi daga Kano zuwa Makka cikin daƙiƙa, a kwafe shi sau dubu bai ragu da komai ba.

Ƙanƙantar gidajen nan abin al'ajabi ce. A sensar waya, guda hamsin ko fiye za su jeru a kaurin silin gashi ɗaya.

Asalin wannan fasaha daga Amurka ne. A 1969 Willard Boyle da George Smith, masana biyu a ɗakin bincike na Bell, suka ƙirƙiro nau'in sensa da ake kira CCD, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel a 2009. A 1975 wani matashin injiniya a kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar hannu ta farko mai adana hoto a lambobi maimakon fim. Nauyinta ya kai kilo uku da rabi, fiksel 10,000 kacal gare ta, hoton baƙi da fari ne, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset. Kamfanin da ya fi kowa cin ribar sayar da fim shi ne ya fara ƙera abin da zai kashe kasuwar fim, kuma a 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki. A farkon shekarun 1990 Eric Fossum da abokan aikinsa a wani ɗakin binciken hukumar sararin samaniya ta Amurka suka inganta wani nau'in, CMOS, wanda ba ya shan batir sosai kuma ya fi arahar ƙerawa. Shi ne yake cikin kusan kowace waya a yau.

Daga ina launi yake zuwa?

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: sensa ba ta bambance launi. Kwano dai ya san ya cika ko bai cika ba, bai san ruwan ja ne ko kore ba. Dabarar da aka yi ita ce a ɗora wa kowane gida ɗan murfi mai launi, wanda launi ɗaya kawai yake bari ya wuce. A cikin kowane gida huɗu, biyu masu murfi kore ne, ɗaya ja, ɗaya shuɗi. An ninka kore saboda idon ɗan Adam ya fi jin hasken da ke wannan yankin. Bryce Bayer, shi ma ma'aikacin Kodak, shi ya tsara wannan jeri, aka yi masa rajista a 1976.

To gidan da ya auna ja kaɗai, ina zai san kore da shuɗin da suka sauka a kansa? Ƙaramar kwamfutar da ke cikin kyamara ce take duba maƙwabtansa ta yi kirdado. Ke nan kashi biyu cikin uku na launin da kuke gani a hoto lissafi ne ya cike shi. Lissafin yana dacewa ƙwarai a mafi yawan lokuta, amma idan aka ɗauki mutum sanye da yadi mai sirara-siraran layuka, ko saƙi mai ƙananan zane, wani lokaci sai ku ga wasu launuka suna rawa a kan rigar alhali babu su a zahiri. Kirdadon ne ya ruɗe.

Bayan haka sai a matse hoton. Hoto mai fiksel miliyan 12, wato 4,000 a kwance sau 3,000 a tsaye, zai ci wajen megabait 36 in an bar shi yadda yake. Tsarin JPEG yana zubar da bayanan da ido ba zai lura da rashinsu ba, ya dawo da shi megabait uku ko huɗu. WhatsApp kuma yakan ƙara matse shi. Saboda haka in za ku aika hoton takardar shaida ko wanda za a buga babba, ku tura shi a matsayin fayil don ya isa da ƙarfinsa.

Yawan fiksel da girman sensa

A kasuwar waya, abin da mai shago zai fara faɗa muku shi ne megafiksel, wato fiksel miliyan nawa: 50, 64, 108. Ina so ku yi hattara da wannan lamba, domin mutane da yawa sun ƙara kuɗi a kanta ba su ga bambanci ba. Hoton da ake wankewa mai inci huɗu sau shida bai buƙaci fiye da fiksel miliyan biyu da ɗoriya ba. Miliyan 12 ta ishi hoton da za a rataye a falo.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne faɗin sensar. Ta babbar kyamarar masu ɗaukar biki tana kai milimita 36 sau 24, daidai girman fim ɗin da. Ta waya mai matsakaicin kuɗi takan kasance wajen milimita shida sau huɗu da rabi. Wato waccan ta ninka wannan wajen sau talatin. Ku koma tsakar gidan nan: in aka cika shi da murafen kwalba maimakon kwanoni, an sami adadi mai yawa, amma in yayyafi kawai aka yi, wani murfin zai sami ɗigo biyu, na kusa da shi ɗigo ɗaya, wani babu, ba don wurarensu sun bambanta ba, sai don sa'a. Wannan rashin daidaito shi ne yashi-yashin da kuke gani a hoton dare. Masu ƙera waya sun san haka, shi ya sa wayar da aka rubuta wa 48 takan haɗa gida huɗu su zama ɗaya, ta ba ku hoto mai miliyan 12.

Abu uku ne ke ƙayyade yawan hasken hoto. Na farko faɗin kafar da haske ke bi, wadda ake rubutawa f/1.8, f/4, f/8. Ƙaramar lamba ita ce babbar kafa, kuma a yawancin wayoyi kafar ba ta sauyawa. Na biyu tsawon lokacin da sensa ke tara haske. Kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ya ishi mutumin da ke zaune, amma dokin da ke sukuwa a hawan daushe yana son kashi ɗaya cikin 1,000, in ba haka ba ƙafafunsa za su zama hayaƙi. Na uku shi ne ISO, wanda yake kamar murɗa ƙarar rediyo: in tashar ba ta kamu sosai ba, murya za ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Da dare waya takan tsawaita lokaci ta kuma ɗaga ISO, shi ya sa ƙaramin motsin hannu ke ɓata hoton.

Fokas: saita gilashi

Ku miƙa yatsa kusa da hancinku ku dube shi: bangon da ke nesa ya yi dishi-dishi. Ku dubi bangon: yatsan ya dushe. Ido ba ya iya saita na kusa da na nesa a lokaci guda. A cikin ido akwai gilashi mai taushi wanda tsoka ke matsawa ya sauya kauri. Da shekaru sun ja, gilashin nan yakan yi tauri, shi ya sa dattijo ke nesanta takarda kafin ya karanta, har ya nemi tabarau.

Gilashin kyamara ba ya sauya kauri, matsar da shi ake yi. Hasken da ya taso daga abu guda, misali ƙwayar idon wanda ake ɗauka, yana bazuwa a faɗin gilashin, gilashin ya sake tattara shi a ɗigo ɗaya a bayansa. In ɗigon ya faɗa daidai kan sensa, hoton ya fito tar. In ya haɗu kafin ya iso sensa, ko bai kai ga haɗuwa ba ya iso, to maimakon ɗigo sai a sami tabo mai faɗi da ya mamaye gidaje da yawa. Tabo a kan tabo shi ne dishi-dishi. Abin da ke kusa yana buƙatar gilashi ya nisanci sensa kaɗan, na nesa kuma ya matso. A waya tafiyar gilashin ba ta kai milimita ɗaya ba, kuma ɗan naɗin waya da maganaɗisu ne ke tura shi, irin dabarar da ke cikin sifika.

Masu hoto na da, da hannu suke murɗa zoben gilashi har su ga ya yi. A 1977 kamfanin Konica na Japan ya fito da kyamarar farko ta kasuwa mai saita kanta, a 1985 kuma Minolta ya shigar da wannan cikin manyan kyamarori. Tambayar ita ce: na'urar da ba ta san mene ne fuska ba, ta yaya take sanin ta saitu?

Hanya ta farko ita ce ta laluben bambanci. Inda baƙar hula ta haɗu da farin bango, in hoto ya saitu, gida ɗaya zai ba da lamba ƙarama, na kusa da shi lamba babba, iyaka a fili. In bai saitu ba, lambobin za su riƙa hawa a hankali. Sai kyamara ta tura gilashi gaba ta auna, ta ƙara turawa ta auna, har ta wuce wurin, ta ga bambancin ya fara raguwa, ta dawo da baya. Kamar mai neman tasha ne a tsohuwar rediyo. Kun sha ganin hoto a fuskar waya yana shiga yana fita kafin ya tsaya. Laluben ke nan. Hanyar tana dacewa, sai dai tana da jinkiri.

Hanya ta biyu ta fi wayo. Ku miƙa babban yatsa, ku rufe idon dama, sannan ku buɗe shi ku rufe na hagu. Yatsan zai yi tsalle gefe, kuma tsallen yana ƙaruwa in yatsan ya matso. Kyamara tana yin irin wannan da gefe biyu na gilashinta. An ware wasu gidaje a sensa da ke karɓar hasken ɓangaren dama kawai, wasu na hagu kawai. In hotunan biyu sun hau kan juna daidai, an saitu. In sun goce, girman gocewar yana faɗa wa kyamara nisan da za ta tura gilashi, ɓangaren da suka goce kuma yana faɗa mata gaba ko baya. Babu lalube, tafiya ɗaya ce. Wannan ne ya sa mai ɗaukar ƙwallo ke iya bin ɗan wasa a guje. Canon ya fito da sensar da kowane gidanta ya rabu biyu don wannan aiki a 2013, kuma tun 2016 ake samun irinta a wayoyi. Wasu wayoyin kuma suna harba siririn hasken da ido ba ya gani, su auna lokacin da ya yi kafin ya dawo, su san nisa ko cikin duhu.

Hanyoyi biyun farko duka suna buƙatar iyaka da za su kama. Shi ya sa kyamara ke rikicewa a gaban bango fari sumul, ko sararin sama, ko cikin duhu. Maganin shi ne ku taɓa fuskar waya a inda akwai iyaka: ido, bakin hula, rubutu. Kada ku bar mata zaɓi a hoton da ya dame ku, domin in aka bar ta, tana iya saita kan ƙyauren da ke bayan amarya ta bar amaryar.

Akwai kuma zurfin wurin da ke fitowa sarai. Ba layi ɗaya ba ne, yanki ne, daga ɗan gaban inda aka saita zuwa ɗan bayansa. Babbar kafa da matsowa kusa suna taƙaita yankin, ƙaramar kafa da ja da baya suna faɗaɗa shi. Mai ɗaukar hoton dangi sahu uku da babbar kyamara, in ya bar kafa a f/1.8, na gaba za su fito, na baya su dushe. Sai ya rage ta zuwa f/8 ya saita kan sahun tsakiya. Waya kuwa, saboda ƙanƙantar gilashinta, kusan komai yakan fito. Dushewar baya da kuke gani a hoton mutum ɗaya da waya, mafi yawanta kwamfuta ce ta shafa, shi ya sa wani lokaci take cinye gefen ɗankwali. Kowane gilashi kuma yana da iyakar kusanci. In kuna ɗaukar katin shaida rubutun ya ƙi fitowa, kun matso da yawa ne. Ku ja baya kamar taƙi guda.

Ba kowane dishi-dishi ne laifin fokas ba. In baya ya fito fuska ta dushe, fokas ne. In komai ya jawu gefe guda, hannu ne ya motsa. Ku jingina gwiwar hannu a jiki ko a bango. In hoton ya yi kamar hazo, fitilu suna da wutsiya, maiƙon yatsa ne a kan gilashi, kuma wannan shi ya fi yawa. Lokacin hunturu ku hure ƙurar kafin ku goge da ƙyalle mai laushi, domin ƙura tana karce gilashi. Mai babbar kyamara kada ya sauya gilashi a fili ana iska, ƙurar da ta sauka a kan sensa za ta fito tabo a wuri ɗaya a kowane hoto.

Farar riga da baƙar fuska

Wannan matsalar tamu ce musamman. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta yi ƙoƙarin mayar da shi tsaka-tsaki. Mutum baƙi ya sa farar babbar riga ya tsaya a rana tsaka: rigar ta cika hoton da haske, kyamara ta ga haske ya yi yawa ta rage, sai rigar ta fito da kyau, fuskar ta nutse. Ba ta san cewa fuskar ake so ba. Ku shigar da shi inuwa, ya fuskanci inda haske ke fitowa, kada taga ko rana ta kasance a bayansa. Ku taɓa fuskarsa a kan waya, in ta kama ku ja alamar rana sama kaɗan. Hantsi da bayan la'asar sun fi tsakar rana kyau ga fatarmu nesa ba kusa ba.

Aikin gida

Ku sami gwangwanin madara babba, ku huda gindinsa da ƙaramar ƙusa, ku rufe bakinsa da farar leda mai shara-shara ku ɗaure. Ku lulluɓe kanku da bakin gwangwanin da zane mai kauri, ku juya hujin wajen ƙofa mai haske. Ku rubuta abin da kuka gani a kan ledar, da yadda ya tsaya.

Sannan ku ajiye kofi a kan tabarma, ku sa wani a bayansa da nisan taku biyar. Ku matso kusa da kofin ku ɗauki hoto biyu ba tare da kun gusa ba, na farko kun taɓa kofin, na biyu kun taɓa fuskar mutumin. Ku maimaita bayan magariba. Ku zo da hotunan huɗu aji mako mai zuwa, kowa zai nuna mana wanne ne ya yi yashi-yashi, wanne ne ya dushe, da dalilin kowanne.